Garin Ɓawon Ƙwai a Shayin Inna

Shekarar da nake digiri na biyu a fannin kemistri, aikina duk a kan ɓawon ƙwai yake. Nakan bi masu shayin unguwar Gyadi-Gyadi in tattaro shi, in wanke, in kai ɗakin gwaji mu ƙona shi da wuta mai tsanani har ya zama farin gari. Idan aka zuba kaɗan a ruwan gulukos aka ɗumama, yakan juya wani ɓangare na sugan ya koma irin wanda ke cikin zuma da 'ya'yan itace. Shi kuma garin sai a tace shi a sake aiki da shi. Amma yana cin fata, ba ma taɓa shi sai da safar hannu.

Da aka shiga yajin aiki a jami'a aka rufe ɗakin gwajin, na taho gida da kwalba ɗaya na ɗora a saman kabad. Inna, mahaifiyata, ta daɗe da ciwon suga, likita ya hana ta zaƙi. Ta tambaye ni mene ne a kwalbar, ni kuma ina sauri na ce, "Garin da ke canza suga ne, Inna." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, na dawo daga cefane na tarar da ita a kan tabarma ta riƙe wuya. Leɓunanta sun yi jajir. Ga kofin shayi a gabanta, ga kwalbar a buɗe da cokali a ciki.

"Inna, me kika yi?"

"Ba ke kika ce yana canza suga ba?" Muryarta a dushe take. "Kwana uku ina sa ɗan kaɗan, sannan in zuba sukarina. Yau na ƙara, sai ya ƙona min baki."

Na san abin da garin nan ke yi wa bayan hannu, ban san abin da ya yi wa maƙogwaronta ba. Duk karatuna ya gudu. Na fita ba takalmi na buga ƙofar maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato da muke kira Anti.

Ta biyo ni gida, ta duba bakin Inna ta ce, "Kada ki sa ta amai. Ta kuskure baki da ruwa. Maza nemo adaidaita, ki ɗauko kwalbar."

Hanyar asibitin Tarauni gajera ce, amma ranar cunkoso ya tsayar da mu. Inna na ta cewa ƙishirwa take ji. Na ƙura wa ƙirjinta ido, duk sanda numfashinta ya ɗan jinkirta sai in kai kunnena kusa da bakinta. Addu'ar da na fara ma na kasa ƙarasa ta.

Likita ya tambayi abin da ta sha, na miƙa masa kwalbar ina yi masa bayani. Bayan ya gama dubawa ya ce ƙunar ta tsaya a baki da saman maƙogwaro, amma suganta ya hau sosai. Kwana biyu aka riƙe ta.

Da muka koma gida, mako guda koko mai sanyi kawai take iya sha. 'Yan dubiya idan sun tambaya sai ta ce shayi ne ya ƙona ta, ba ta taɓa ambaton sunana ba. Ni kuwa nakan zauna kusa da ita ina kallon wuyanta, sai na ga ta haɗiye sannan in ɗauke ido.