Egon Mai Rufin Filin Ƙwallo

Egon Kaczmarek maƙwabcina ne a nan yankin Ruhr na Jamus. Tun yana saurayi yake haƙar kwal, har aka rufe ramin aka sallame su. Da yake ya iya inji, sai ya samu aiki a sabon filin ƙwallon garinmu, mai rufin nan da ake buɗewa a rufe.

Ɗakin aikinsa yana can sama. In aka ba da umarni sai ya danna maɓalli, ɓangarorin rufin biyu su taho a hankali su haɗe. Wannan mako ƙwallo, wani mako dambe ko mawaƙa. Duk ranar da ƙungiyarmu ta sha kashi, shi ake tsokana a mashaya.

"Kai ka toshe mana sa'a, Egon!"

"To ni na ce golanku ya yi barci?"

Wata Asabar da rana aka kawo tsohon abokinsa Friedhelm kallon wasa a keken guragu. Tare suka yi aikin rami, ƙurar kwal ta cinye masa huhu. Hadari ya haɗu, sai ya bugo wa Egon waya.

"Tsohon banza, kar ka rufe. Na gaji da abu a saman kaina."

"Ba ni ke da iko ba, Friedhelm. Masu wasan sun ce a rufe."

Ya rufe. Abin ya tsaya masa a rai har aka tashi.

Bayan mutane sun watse, dama akan buɗe don ciyawa ta sha iska. Egon ya bar wa abokiyar aikinsa Waltraud maɓallin, ya sauka ya turo keken har bakin ciyawa. Rufin ya soma rabuwa, yayyafi ya sauko musu. Friedhelm ya cire hula ya ɗaga kai, yana tari yana dariya.

"Shekara da shekaru kana nan, ashe wannan ne aikin? Ko jikata za ta iya."

"Mayar da hularka, kar matarka ta kashe ni."

Friedhelm ya rasu da sanyin bara. Egon ya yi ritaya bayan nan, Waltraud ta gaje shi. Yanzu kiwon tattabaru yake a bayan gida, ranar wasa kuma tare muke tafiya, mu sayi tsiran nama da burodi a hanya.