Ɗiyar Fari a Ƙofar Tasha

Ranar Talata ce. Shekara guda ke nan da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Muna zaune a Sabo, unguwar Hausawa, a wani gari na Kurmi. Can maigidana Malam Isa yake saron goro yana aikowa gida. Ni da shi duk 'yan Ƙofar Durbi ne a birnin Katsina. Neman abinci ya kai mu, har muka shekara goma sha takwas.

Da safe na dama koko, na soya ƙosai. Ruwa ya kwana yana zuba, sanyin ya tayar wa Malam da ciwon asma. Ƙirjinsa sai kuka yake kamar tsohon ƙyaure. Maganin da yake shaƙa ya ƙare. Ƙarfe takwas na ce, "Ke, je ki kemis." Ta yafa koren mayafinta ta fita.

Wadda na aika ɗiyata ce ta fari, shekararta goma sha bakwai. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka uwata ta yi, haka na yi. Maƙwabtanmu matan Kurmi har dariya suke mani, wai wace irin uwa ce wannan. Ni kuwa taƙama nake da abin, wallahi. Gani nake shi kaɗai ne abin gida da ya rage mani a ƙasar mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", kuma ba ta taɓa kasa ganewa ba.

Takwas da rabi muka ji ihu daga wajen kasuwa. An kwana biyu ana raɗe-raɗin rigima tsakanin samarin gari da 'yan kasuwarmu a kan wa zai riƙe wurin lodin kaya. Ba mu ɗauke shi bakin komai ba. Tara saura kwata hayaƙi ya tashi. Sai fashewar kwalabe. Sai saran adda a kan ƙofofin kwano. Sai bindiga, ɗaya bayan ɗaya.

Wani mahauci ya ratso layinmu da gudu. "Ku fito! Tasha! Kowa ya nufi tasha!"

Na goya auta, na kama hannun ɗiyata Binta mai shekara bakwai. Malam ya rataya a kafaɗata. Na tsaya a ƙofar gida na dubi hanyar kemis, babu kowa sai hayaƙi. Na ce a raina, tana da wayo, za ta bi mutane.

Tafiyar minti goma ce zuwa tasha, muka yi rabin awa. Kowane taku biyar sai Malam ya tsaya neman numfashi. Mai shayin layinmu yana kwance a cikin kwata. Butarsa tana ta tafasa a kan murhu.

A tasha akwai tirelar da ta sauke shanu jiya. Maza suka riƙa cilla mu ciki. Aka kwantar da Malam a kan kashin shanu, Binta ta zauna kusa da kansa. Ni na taka ƙarfen gefe na ɗago kai, ina duba titi.

Goma da kwata na hango ta. Tana tsallaken titi, tazarar gida biyar, da leda a hannu. Ko kallon tasha ba ta yi ba. Layinmu ta nufa da sauri, don a ganinta ubanta yana gida yana jiran magani. Daga inda nake ina ganin samarin sun shigo layin ta ɗaya bakin. Ita ba ta ganinsu.

Na ce, "Ke!" Mata da yawa suka waiwayo, ban da ita.

Na ce, "Ke yarinyar nan!" Ina! Ihu ya cika wurin.

Na san abin da ya kamata in yi. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi. A gefena akwai dattawa biyu, abokan sana'ar Malam, mutanen garinmu. Kunya, jama'a. A tsakiyar wannan bala'i kunya ta kama ni. Har waiwayawa na yi ina neman wanda zai kira mani ita. Binta tana ƙasa, ba ta ganin waje. Malam ba ya da numfashin magana. Numfashi uku na ɓata, na sha lissafa su.

Sannan na ƙwalla. "Hadiza!"

Daidai nan direba ya tayar da inji ya danna oda. Ni kaina da ƙyar na ji muryata. Koren mayafin ya sha kwana ya shiga layi.

Na ɗaga ƙafa zan dira. "Ku riƙe ta! Da goyo a bayanta!" Hannuwa suka finciko ni. "Direba, ja! Ga su nan!" Goma da rabi muka fita daga garin.

Kwana biyu muka yi a hanya, ruwa ya dake mu, rana ta gasa mu. Da azahar ɗin farko Malam ya ɗan farfaɗo. Ya dubi Binta, ya dubi goyona, ya dube ni. Na ce mashi yarinyar tana motar baya. Babu wata mota a bayanmu.

Ranar Alhamis da la'asar aka sauke mu a Katsina. Gari yana nan lafiya lau. Masu babura suna ta kiran fasinja, mai fura tana damu. Na ji haushinsu, Allah ya sani, alhali ba su yi mani komai ba. Aka wuce da Malam asibiti. Mu muka taka zuwa Ƙofar Durbi, gidan yayarsa, Yaya Indo. Ita ta yaye yarinyar tun tana ƙarama, ita dangi suke kira uwarta.

Kowace safiya sai in ce zan je sayen kayan miya, in zarce tasha. In tsaya ina duban masu saukowa daga motocin Kurmi. Ko a nan ban iya tambayar kowa da suna ba. Sai in ce, ko kun ga wata yarinya doguwa?

Kwana na ashirin da uku, da hantsi, mahaucin nan da ya yi mana shela ya yi sallama. An riga an sallamo Malam daga asibiti, a zaure suka zauna. Ina bayan katanga ina shanya. Ya ce yana cikin waɗanda suka rufe gawarwakin, su tara a rami ɗaya, a bayan masallacin Sabo. Ya ce ya gane yarinyar a cikinsu. Na gama shanyar, na shiga ɗaki.

Aka yi zaman makoki kwana uku. Mata suka cika gidan, suna zubewa gaban Yaya Indo. "Ya haƙuri, Hajiya? Allah ya jiƙanta." Ita tana kuka da ƙarfi, ana rarrashinta. Ni ina bakin murhu ina tuƙa tuwon baƙi, don uwar ɗan fari ba ta zama a tabarmar gaisuwa. Wata tsohuwa ta nuna ni da baki ta ce, "Kun ga ɗiyar gidan mutunci. Ko ƙwalla ba ta yi ba." Sauran suka ce Allah ya yi mani albarka. Kamar in jefe ta da muciyar. Na ce amin, na ci gaba da tuƙi.

Ba mu koma Kurmi ba. Malam bai ƙara saron goro ba, bai kuma kai wata daminar ba. Bai taɓa tambayata abin da na gani daga saman tirelar ba, ni ma ban faɗa mashi ba. Yanzu hawan jini ke damuna. Duk wata ina bin layi a asibiti, malamar ta ɗaura mani abin awo ta ce, "Mama, ki rage tunani." In ce to.

Mu huɗu muka iso Katsina, saura mu uku. Ban taɓa ganin kabarinta ba. Shekara goma sha bakwai muka yi da ita a gida ɗaya. Sau ɗaya na kira sunanta, kuma ba ta ji ba.