Sufeto da Awarwaron Sitti

Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Zulƙida, a shekarar da na cika sha ɗaya, jiniyar 'yan sanda ta tashi a tsakiyar gidanmu da ke unguwar Nuzla a Jidda, bayan sallar la'asar kaɗan. Kafin ta yi kuka na biyu tsakar gida ta watse. Tanti Rakiya, 'yar Maraɗi mai sayar da gyaɗa a bakin titi, ta bar farantinta ta haye bene da takalmi ɗaya. Ummata ta fizgo ƙanena daga bahon wanka da kumfa a kansa, ta faɗa bayan tankin ruwa. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗakin Goggo Hanse riƙe da rimot, dariya ta hana ni magana, domin ni na ƙure muryar talabijin, jiniyar kuma daga cikinsa take fitowa. Wani sabon shiri ne na 'yan sandan Ingila da wata tasha ta fara nunawa a ranar. Na sha dundu a wurin Umma har biyu, amma kafin magariba duk waɗanda suka gudu suna zaune a tabarmar Goggo suna tambayata me Baturiyar nan take cewa.

Wanda bai zauna a irin gidanmu ba zai ce tsoron ya yi yawa. Babu babba ko ɗaya a cikinmu mai iƙama, wato takardar izinin zama. Wasu aikin Hajji ya kawo su, wasu Umra, suka zauna neman abinci, mu kuma aka haife mu a nan ba mu da takardar ko'ina. Gidan tsohon bene ne mai hawa uku, kowane ɗaki da iyalinsa, famfo ɗaya da yake kawo ruwa ran da ya ga dama. In tankar ruwa ta shigo lungu, mu yara muke jera jarkoki, mu yi ta hawa da sauka har kafaɗa ta yi tsami. In mun gama sai mu hau rufin bene, inda ake shanya, mu yi 'yar carafke da ƙwallayen dabino, mu zana gala-gala da gawayi tsakanin igiyoyi. Makarantar gwamnati ba ta ɗaukar marar takarda, don haka wurin wata malama muke zuwa a lungu na uku, mu talatin a ɗaki ɗaya da fanka mai kukan tsufa. A can na iya karatun Larabci da sauri, na kuma ƙara da karanta duk kwalin da ya shigo gidan. Shirin nan da Turanci ake yin sa, fassarar Larabci tana wucewa a ƙasa, sai ya zama ni ce mai juya ta zuwa Hausa. Aka ba ni matashin zama a gaba, aka ɗauke mini wanke-wanken Juma'a, na riƙa ji da kaina ƙwarai.

Kashi shida aka yi shirin, kowace Juma'a ɗaya. An tsinci gawar wani attajiri a gidansa na bakin teku, zargi ya faɗa kan baƙar mace mai yi masa shara da goge-goge. Mai binciken wata mace ce da ta manyanta, gashi a hargitse, kullum cikin doguwar riga ɗaya da ruwan sama ya jiƙa. Sufeto muke ce mata. Goggo Hanse, wadda ta fi kowa daɗewa a Jidda kuma ita ke da talabijin da firij, ta daɗe ba ta yarda matar askar ce ba, wato 'yar sanda. Ina bindigarta? Wane irin askar ne zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya nuna kati, a ba shi shayi ya zauna ya sha? Tanti Rakiya kuwa masu gudu take yi wa gyara. In ta ga mutum ya miƙe titi a guje sai ta tafa hannu ta ce wannan bai taɓa talla ba, mai gudu lungu yake shiga, ya rage sauri, ya fito ta can yana tafiya kamar an aike shi. Umma ba ta cika magana ba. Aikin gida take yi a gidaje huɗu a unguwar Ruwais, saboda haka ƙasa da labule take kallo a fim ɗin. Tun kashi na biyu ta ce mai sharar ba ita ta goge ɗakin da aka yi kisan ba, domin an fara gugar daga bakin ƙofa, mai aikin gaske kuwa daga ƙurya take farawa ta fito da baya. Abin da ya fi shiga ran Goggo shi ne yadda Sufeto ba ta ɗaga murya. Ta zaunar da mutum, ta buɗe ɗan littafinta, ta ce a fara daga farko. Cikin sati biyu maganar ta zama ta gidanmu, ko cokali aka nema sai wani ya ce, "A zauna a fara daga farko."

Sati biyu bayan Babbar Sallah, ranar Laraba, Umma ta dawo tun azahar ba ta yi ba, ta zauna a bakin gado da abayarta a jiki. Awarwaron zinariya shida sun ɓace a babban gidan da take aiki. Na tsohuwar gidan ne, uwar maigida, wadda kowa ke kira Sitti. Matar gidan, da muke ce wa Madam, ta zazzage jakar Umma a gaban yara, ta ce ta ba ta zuwa ranar Asabar, in ba ta kawo ba za ta kira askar. Ta kuma buga wa sauran gidaje ukun waya, duk suka ce Umma ta dakata da zuwa. Mun san abin da kiran askar yake nufi. Ba wanda zai tsaya tambayar zinariya, takarda za a fara tambaya, daga nan sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Babanmu yana Makka wurin aikin ɗaukar kaya, bai dawo ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ji haushin da ya fi tsoron, domin shekara bakwai Umma tana wanke bayin gidan nan, ko allura ba ta taɓa ɗauka ba.

Ranar Juma'a aka kunna kashi na biyar don dai a rage tunani. A ciki Sufeto ta daina tambayar wa ya shiga gidan, ta koma tambayar me ya fita daga cikinsa. Ina gama fassarawa Goggo ta kashe talabijin, abin da ba ta taɓa yi ba ana tsakiyar shiri. Ta gyara zama, ta sa ni ɗauko littafin makarantata, ta dubi Umma ta ce, "Yalla, Hauwa, a fara daga farko. Me ya fita daga gidan nan tun kafin Sallah?" Umma ta riƙa lissafawa ina rubutawa. Shara kullum. Rigunan maigida zuwa wurin wanki. Tukunyar gas. Dardumar falo. Mutanen gidan sun tafi Ɗa'if hutun Sallah kwana huɗu, suka dawo da naman layya mai yawa, firiza ta ƙi ɗauka, sai Madam ta ce wa Umma ta fitar da tsofaffin ƙulle-ƙullen nama guda uku ta tafi da su. Biyu mun cinye. Na ukun yana cikin firij ɗin Goggo, taku uku daga inda muke zaune.

Umma ta miƙa hannu za ta kwance, Goggo ta buge hannun. Ta ce ba ta ga yadda Sufeto take hana taɓa kaya ba? Aka ɗaga ƙullin a hasken taga. Ya fi girmansa nauyi, bakin ledar an ɗaure shi da zaren ɗinki ja, kuma a tsakanin tsokoki biyu da suka daskare ana hango gefen wani koren ƙyalle. Ba mu ga zinariya ba. In ita ce, to kayan da ake zargin Umma da sacewa suna cikin gidanmu. Tanti ta ce a lallaɓa a mayar cikin firizar Madam ba wanda ya sani, in ya so a gano daga baya. Umma ta ce an riga an canza mata makulli, kuma ko da za ta iya, sunanta zai zauna a ɓace a gidaje huɗu, za a ce tsoro ne ya sa ta dawo da su. Ta ce za ta kai shi a daskare, yadda aka ba ta, amma sai sun faɗa da bakinsu kafin ta nuna. Larabcinta na kicin ne, don haka da ni za a je.

Da safiyar Asabar muka naɗe ƙullin a tawul, muka sa a kular ruwa da ƙanƙara, muka shiga motar haya. Madam ta buɗe ƙofa da waya a hannu. Umma ta gaishe ta da ladabi, ta roƙi a kira maigida da Sitti a zauna a falo, tana da tambaya uku kawai, in ta gama a kira duk wanda za a kira. Maigidan ya ce a bar ta. Umma tana faɗa da Hausa, ina juyawa, na kuma buɗe littafina a cinya ko da yake ba abin da zan rubuta. Ta tambayi Sitti yaushe ta sa awarwaron a ƙarshe. Ta ce daren da za su tafi Ɗa'if ta cire su. Ta tambaye ta, da za a bar gida ba kowa kwana huɗu, a ɗaki ta bar su? Tsohuwar ta ɓata fuska ta ce ita ba yarinya ba ce, ɓarawo ɗaki yake fara shiga, ita tun tana amarya in za a yi tafiya... Sai ta tsaya, ta dafe ƙirji. "Ya Allah. Firiza. A cikin nama na sa su."

Madam ta tashi da gudu zuwa kicin. Muna jin ta tana fitar da ledoji tana jefarwa, ta dawo hannu wofi, fuskarta ta ƙara ɗaurewa. Sai Umma ta yi tambaya ta uku, wannan karon da Larabcinta, ba ta jira ni ba: "Madam, wa ya ba ni nama bayan Sallah?" Ta buɗe kular, ta ajiye ƙullin a kan tebur. Sitti ta ɗauka ta juya, ta ce zarenta ne, ɗaurinta ne, ba wanda ya taɓa shi. Maigidan da kansa ya kawo ruwan zafi a roba. Muka zuba ido nama yana saki a hankali, har koren ƙyallen ya fito, aka warware shi, awarwaro shida suka zubo a cikin ruwan.

Daɗin da na ji a lokacin har yau ban sami irinsa ba. Sitti ta rungume Umma tana kuka tana ce mata 'yata. Madam ta ce a yafe mata, halas, wato shi ke nan, magana ta wuce, Umma ta dawo aiki gobe. Umma ta ce ta yafe, amma magana ba ta wuce ba, akwai gidaje uku da aka buga wa waya. Ta zauna a kujerar falon da ta shekara bakwai tana gogewa ba ta taɓa zama a kai ba, aka kawo mata gahawa da dabino, ta sha a nutse, Madam tana tsaye tana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ni aka sa na saurara, in tabbatar ta faɗi komai, kuma sau ɗaya na ce mata ta manta ba ta ce ita ta ba da naman ba, ta sake kira.

Da muka shigo lungu Tanti Rakiya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Juma'ar da ta biyo baya ɗakin Goggo bai ɗauke mu ba, sai da aka fito da talabijin tsakar gida, matan lungu biyu suka zo kallon kashi na ƙarshe. An wanke mai sharar, ɗan'uwan attajirin ne ya yi kisan, kuma shi ya goge ɗakin daga bakin ƙofa. Mata suka yi ta tafi suna nuna Umma. Goggo ta taɓe baki ta ce Sufeto ta yi ƙoƙari, amma sati shida ya yi yawa, su a yini ɗaya suka gama nasu.

Yanzu an rushe lungunmu, mutanen gidan sun watse, wasu Kano, wasu Maraɗi, Goggo Hanse kuma ta rasu a Jidda kamar yadda ta yi fata. Irin shirye-shiryen nan sun cika waya, ina iya kallon kashi shida a zama ɗaya, ba mai jiran Juma'a, ba mai zungurina ya ce me ta ce. Nakan karanta ra'ayoyin masu kallo a ƙasan shiri, wannan ya yaba, wancan ya kushe, kowa daga ɗakinsa shi kaɗai, sai in tuna matan da suka kalli nasu da ido ɗaya a kan ƙofa. Umma ta tsufa, tana zaune a wurina, idonta ba ya ganin rubutu. Wani lokaci nakan kunna mata in zauna a gefenta ina fassarawa, ita kuma tana duban ƙasan ɗakunan Turawa tana gyara musu guga. Ba ta taɓa samun takarda a ƙasar da ta ba ƙuruciyarta ba, amma ta baro ta da sunanta a wanke.