Na Amsa Laifin Silaidin Ina Zaton Ƙofa Ake Nufi

Lokacin ina sabon zuwa Guangzhou ne daga Kano, kaina na rawa, ina aiki a wani ofishin kago, na masu tura wa 'yan kasuwa kaya gida, a ginin Tianxiu. Ni silaidin ɗaya na sani, ƙofar gilas ɗin nan da ake turawa gefe, wadda muke yi wa 'yan kasuwa oda a Panyu. Ogana kuwa ya koya min in dinga cusa inshora a takardar kowane kwastoma ba tare da na tambaye shi ba. In mutum ya lura, in ce dokar China ce. Na san ƙarya ce, na yi.

Wani Alhaji ya sayi ƙofofin silaidin, na yi masa yadda na saba. Ashe 'yarsa lauya ce. Ta kira ni a waya, Alhaji na gefenta, ta ce ko na san abin da na yi wa babanta silaidin ne. Ni kuma da zaƙewa na ce ƙwarai kuwa, silaidin ne mai kyau, da hannuna na haɗa, kuma duk kwastomominmu haka nake musu. Wallahi har tayin ƙari na yi mata. Sai ta ce ba ƙofa take nufi ba. A harkar inshora, wai silaidin shi ne ka zurara wa mutum inshorar da bai nema ba, ko ka ce masa dole ce. Ashe da bakina na amsa laifi.

Da maganar ta kai ofis, Oga ya rantse bai san zancen ba, ya ce yaron nan ne ɓarawo. Kafin la'asar sunana ya zaga Xiaobei, unguwar 'yan Afirka, a nan kuwa in sunanka ya ɓaci ka gama. Oga ya koma gefe ya ce in yi shiru zai rufa min asiri. Shirun me? Na sami Alhaji a gidan abinci a Huanshi Lu, na ce Baba na yi laifi, amma saurari wannan. Na kunna masa saƙon murya da Oga ya taɓa turo min yana ba ni umarnin cusa inshorar, a gaban kowa.

Aiki ya tafi, kuma ban yi kewarsa ba. Hannuna da ya rubuta ƙaryar nake jin kunya, ba bakina da ya tona ba. Masu zuwa sayayya, ku sa a karanta muku kowane layi kafin ku sa hannu. Ku kuma 'yan uwana yaran ofis, ranar da ta fashe Oga bai san ku ba. Ni dai yanzu ƙofa nake sayarwa, ita kaɗai nake turawa.