Hancinta a Ƙasa Yake

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. A farkon shekarun casa'in ni mai buga tafireta ce a wata ma'aikatar gwamnati a Doka, muna zaune a Unguwar Shanu da maigidana, wanda akawu ne, da 'ya'yanmu uku, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, wadda idanunta suka riga suka rufe. Ban taɓa tunanin ranar da zan riƙe gidan ni kaɗai ba. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai yanzu na ji zan iya.

Maigidana mutum ne mai shiru, ba shi da abin sha'awa a duniya kamar motarsa. Wata Asabar ya kai ta Panteka wajen bakanikensa, suka cire tukunyar nan mai tace iska da ke zaune a kan kafireta, suka sa wani dogon bututu a madadinta. Ya yi mini bayani cewa inji ma numfashi yake yi, iskar cikin bonet zafi gare ta, bututun zai jawo masa mai sanyi daga waje ya ƙara masa ƙarfi. Ban saurara sosai ba, ina tsince shinkafa. Abin da na lura da shi kawai, motar ta dawo da wata sabuwar murya, wani gurnani mai kauri da ɗan fito a ƙarshensa idan ya taka mai. Na ce masa ya fita da mota lafiyayya ya dawo da ita tana minshari. Ya yi dariya ya ce ban san daɗi ba.

Inna ce ta fi kowa jin daɗin abin. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa jin ta ce ɗana ba. Mai motar nan take ce masa. Tun da aka sa bututun, kafin kowa ya ji komai sai ta ɗaga kai ta ce a ɗora ruwa, mai motar nan ya shawo kwana. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba.

Akwai wata ɗabi'a da ya ɗauka tun daga lokacin. Idan ruwan sama ya tare mu a hanya, sai ya sami gidan mai ya tsaya, ba zai motsa ba sai lambatu ya janye. Idan na yi ƙorafin an bar yara da yunwa, sai ya ce in yi haƙuri, amaryar tasa hancinta a ƙasa yake. Na ɗauka raha ce, yana kwatanta motar da amarya mai kunya da ke sunkuyar da kai cikin mayafi. Har yaran suka riƙa tsokanarsa da maganar. Shi ya koya mini tuƙi a filin wata makaranta, ya koya mini giya da kuloci da birki, amma wannan abu ɗaya ina jin a zatonsa ya riga ya faɗa mini.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ba zan yi dogon bayani a kansa ba, Allah ya jiƙansa. A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye gaban kowa ba, duk wanda ya yi mata ta'aziyya sai ta ce a je a yi wa uwar yara. Ina cikin takaba bakaniken ya zo gaisuwa, ya ce in riƙa tayar da motar kowace safiya a tsakar gida don kada batir ya mutu. Ranar farko da na yi haka, da na kashe na juyo, sai na ga Inna zaune a bakin ƙofarta, fuskarta na fuskantar zaure, carbin hannunta ya tsaya cak. Sai da la'asar ta tambaye ni, kamar abin bai dame ta ba, ko batirin nan gobe ma yana buƙatar a tayar da shi. Daga ranar na gane cewa muryar motar nan ita kaɗai ta rage mata daga ɗanta, na kuma ƙudura a raina ba za ta rasa ta ba muddin ina da iko.

Na gama takaba na koma aiki, ni nake tuƙa motar. Cikin watan Agusta na kai Inna asibiti aka duba hawan jininta, muna dawowa da rana ruwa ya ɓarke. Ta soma rawar sanyi, ni kuma hankalina ya tafi ga in kai ta gida. A wani gangare kusa da kwalbati ruwa ya haura titi. Na ga tasi ta shige, na ga bas ta shige, na ce ai motarmu ba ta fi su ƙasa ba. Na sa giya ta ɗaya na shiga a hankali. Muna tsakiya motar ta yi tari, ta girgiza sau ɗaya, ta mutu.

Ruwa ya soma shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Inna ta ɗage ƙafafunta tana salati. Na baya suka danna mini hon, wani direba ya leƙo yana ihu wai Hajiya in tayar mana in ba mutane hanya. Hannuna ya riga ya kama makulli. Ina kallon ruwan yana dukan gaban motar, sai maganar marigayi ta faɗo mini, da muryarsa da komai. A nan na fahimci ba raha yake yi ba. Bututun nan ƙasa aka saukar da shi, bayan bamba, ta nan motar take numfashi, kuma a wannan lokaci bakinsa yana cikin ruwa. Na sake makullin kamar ya ƙone ni. Na sauke gilashi na roƙi a tura mu. Direban ya ce abin da mata suke jawowa ke nan, amma shi ya fara naɗe wando ya shigo ruwan. Wasu masu shaguna da suka fake suka kama masa, suka kai mu kan tudu gaban wani mai faci. Wata mai gasa masara ta zaunar da Inna kusa da wutarta, ta lulluɓe ta da zaninta, har muka sami tasi.

Washegari ita ce safiya ta farko da gidanmu ya yi shiru. Inna ta fito ta zauna a inda ta saba, ba ta tambaye ni komai ba. Ban iya karya kumallo ba, na tafi na ɗauko bakaniken na kai shi inda muka bar motar. Kafin ya buɗe bonet ya tambaye ni ko na sake murɗa makulli bayan ta mutu. Na ce a'a. Ya ce don Allah in faɗa masa gaskiya, ba faɗa zai yi ba. Na sake cewa a'a. Ya ce to akwai sauran fata, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, da na tilasta mata da ƙarafan ciki sun lanƙwashe, injin ya buga ke nan. Ya cire fulogai, ya juya injin, ruwa ya riƙa tsartuwa ta ramukan har ya jiƙa masa riga. Man da ya zubar ya koma kalar koko. Yana aiki yana cewa shi ma da laifinsa, ya ga ina tuƙa motar bai tuna ya ja mini kunne ba. Da ya gama ya shiga ya murɗa. Ta yi tari, ta yi tari, sai gurnanin nan ya tashi. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sai dai bai bar ni na gama murna ba. Ya ce tsohuwar tukunyar tana nan a ajiye a garejinsa, in bari ya mayar da ita, domin marigayi ya san lokacin tsayawa, ni kuwa ga yara ga tsohuwa ga damina. Na tambaye shi muryar fa. Ya ce za ta tafi. Na ce ya dakata sai na yi shawara.

Na sami Inna na yi ta kewaye-kewaye kafin na kai ga maganar. Sannan ta ce ɗanta ya riga ya tafi, bututu ba zai dawo mata da shi ba. Ɗana ta ce, da bakinta, karo na farko a iya zamana da ita. Ta ce jiya a cikin ruwan nan ba motar ta tuna ba, ni ta tuna, da yaran da ke jiranmu a gida. Ta ce a cire shi yau ɗin nan. Da ta ji na soma shassheka sai ta ce in daina, ido ne ya tafi, kunnenta yana nan, za ta koyi sabuwar muryar. Kafin mako ya zagayo kuwa, yara suka ba ni labari cewa tun ina nesa take cewa a buɗe ƙofa, uwar yara ta shawo kwana.

Har yau idan na tuna yadda hannuna ya kama makullin nan sai in gode wa Allah. Ina roƙon mazan da ke sauya wa motocinsu wani abu su zaunar da iyalinsu su faɗa musu illarsa da magana a fili, ban da raha, don ba wanda ya san wa zai riƙe sitiyarin gobe. Mata kuma idan miji ya cika maimaita wata magana, mu tambaye shi abin da yake nufi tun yana nan. Wanda duk motarsa ta mutu cikin ruwa, ya cire hannunsa daga makulli ya nemi masu turi. Inna ta ƙara shekaru tare da mu kafin ita ma ta koma. Ranar da muke kwashe kayan ɗakinta muka sami bututun a ƙarƙashin gadonta, naɗe cikin wani sabon zani. Har yau ban san yadda ta sa aka karɓo mata shi ba.