Masu Ta'aziyyar Gonar Yaya Bulus

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bulus, malamin aikin lantarki a wata makarantar koyon sana'a da ke Sabon Gari. Na so in rubuta abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana, in ce mutumin kirki ne, in yi addu'a in rufe. Abin da ya faru a gidansa cikin damunar nan ne ya hana ni.

Tun ba wanda ya san zancen a garin nan, Yaya yake cewa iskar da ke kaɗawa a filayen bayan Samaru za ta iya ba mu wuta. Ya haɗa wata fanka da guntayen kwanon rufi da tsohon dinamon mota, ya kafa ta a saman gidansa na Muchia. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: ran da ta ga dama takan kunna ƙwan lantarki biyu, ran da ba ta ga dama ba sai ƙara ta hana maƙwabta sakat. Aka sa masa suna Mai Fanka. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Dattijo Ishaku, abokin aikinsa kuma dattijo a ikilisiyarmu, wanda ya taɓa miƙewa a taron maza ya ce a sa Bulus cikin addu'a. Ranar jana'iza bai zo ba, wai tafiya ta kama shi.

Yau kuwa kowa ya zama masanin iska. Tunda aka ji wani kamfani na tunanin kafa manyan fankokin samar da lantarki a yankin nan, gari ya ɗauka. Malaman Samaru sai taro suke, rabin maganar Turanci, a sha lemo a watse. Direbobi a tasha na cewa in aka jera su a bakin titi, ido zai tafi kan fanka, mota ta tafi rami. 'Yan kasuwa na son a kai su wajen Basawa. In ka kasa kunne da kyau, za ka ji wurin da ya fi iska a bakin kowa shi ne inda yake da filin sayarwa, wurin da bai dace ba kuma shi ne bayan ɗakinsa. Dattijo Ishaku, da bai san bambancin fanka da mafici ba, shi ne shugaban kwamitin unguwa.

Gonar da Yaya ya bari tana bakin titin Funtuwa. Da masarar cikinta da dawarta matarsa Saratu ke riƙe da 'ya'ya uku, ba ta da wata madogara. Nan kwamitin ya sa wa ido.

A wurinmu ba a mayar da mai ta'aziyya, komai daɗewarsa. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a saurare shi. Ta wannan ƙofa 'yan kwamitin suka shigo gidan, wata Lahadi bayan sujada, ina zaune. Ishaku ya sunkuyar da kai kamar jiya aka yi mutuwar, ya ce wa Saratu:

"Maman Rahila, ya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ku. Bulus ai nawa ne, tare muka yi mafarkin nan na fanka."

Tare! Na cije leɓe don kada in ɓata wa matar yayana baƙi. Bai ko ajiye kofin ruwa ba ya gangaro kan gona. Wai sun duba, gefen gabas kusa da ɗorawa ya fi dacewa, kuma za a rubuta sunan marigayi a jikin ƙarfen fankar.

Na sha tambayar kaina abin da Yaya zai yi da yana nan, kuma amsar ita ke ƙona mini rai. Da ya manta dariyar, ya kama hannun Ishaku ya ja shi gona yana nuna masa ta inda iska ke zuwa. Haka yake, ba ya riƙo. Ni ban gaji wannan hali ba, kuma ba na nema.

Saratu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, mun gode da ta'aziyya. Kun ce kun duba wurin. Kun sauka daga mota?"

Ya ce dawa ta yi tsayi, daga titi suka hango.

"To, da kun sauka da kun gaisa da abokin naku. Nan gindin ɗorawar yake kwance."

Suka tashi ba su shanye ruwan ba.

Ban ƙi fankoki ba, a kafa su, Yaya ya fi kowa so. Amma abin da ya rage nasa ba suna ba ne da za a shafa wa ƙarfe. Gona ce mai ciyar da yara, da macen da ta san inda ta binne mijinta. Asabar za mu je share kabarin. Duk ɗan kwamitin da ke son ganin wurin, ya zo da fartanya.