Karan da Na Auna Wuƙa da Shi

Abin da mahaifina ya bar mini ba shi da yawa: gona guda a bayan Ƙetare, da wuƙar da yake yanka ragon layya da ita. Wuƙar doguwa ce, mai ɗan lanƙwasa wajen tsini, ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannunsa. Kubenta ya riga shi mutuwa. Shekaru da yawa a cikin tsumma take, a saman rumbu.

Wata shekara, ana saura mako uku babbar sallah, na ce zan yi mata sabon kube. Akwai wani tsohon baduku da ke zama a kasuwar Ƙanƙara, kusa da rumfar mahauta. Ba ɗan garin ba ne, daga wani ƙauye yake zuwa ta wajen Faskari. Mahauta da maharba duk wurinsa suke kai aiki. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani: sai ka bar masa wuƙarka. Yakan jiƙa fata ya naɗe ta a jikin ƙarfen, ta kwana biyu tana bushewa a kai, sannan ya ɗinke. Shi ya sa kubensa ba ya karɓar wata wuƙa sai tasa.

Ni ban kai masa wuƙar ba. Na gaya wa mutane wai tsoron hanya nake, kada a tare ni da doguwar wuƙa a wannan zamani a ce ɗan daji ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta hana ni ba. Zuciyata ce ta raya mini tsohon zai iya musanya mini ita. Mutumin da bai taɓa yi mini komai ba.

Sai na yanki karan dawa daidai tsawon ƙarfen, na zana faɗinta da gawayi a jikin kwali, na zuba a aljihu na hau babur. Hanyar duk ramuka. Da na sauka na sa hannu a aljihu, na ji bakin karan ya karye, kamar gaɓar yatsa guda. Na ji shi da hannuna. Na bar guntun a aljihu, na miƙa masa sauran.

Ya juya karan, ya kai shi kusa da idonsa.

"Ɗana, ina wuƙar?"

"Tana gida, Baba. Ga awonta nan."

"Kara ba wuƙa ba ne. Kuma bakin wanga kamar karyewa ya yi, ba yanka ba."

"Haka yake. Ni na auna da kaina."

"Ka tabbata?"

"Baba, in ba za ka iya ba ka hwaɗi, in gusa gaba."

Wani mahauci da ke gefe ya yi dariya ya ce, "Baba, yau ka gamu da injiniya." Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce to, in dawo kasuwa mai zuwa.

Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni cewa ya karye. Kalma biyu ce. Ina jin kunya ce ta a ce ban iya ko riƙe kara ba, ga mahauta suna kallo.

Kuben ya yi kyau. Jar fata ce, ya yi mata ado da baƙin zare a baki, ya sa maɗauri. Da na isa gida na zura wuƙar, sai ta tsaya saura kaɗan. Na danna ta da ƙarfi ta shige. Na san abin da na yi, na rataye ta na yi shiru.

Ranar sallah, bayan an sauko daga idi, na ɗaura ta a ƙugu a ƙarƙashin farar riga, na tafi gidan surukaina, don ni ke yanka musu tun da tsohon gidan ya daina gani sosai. Na durƙusa zan gaishe su, tsinin ya huda gindin kuben ya shige cinyata. Ciwon bai kai a faɗa ba. Amma jini ya ɓata rigar, ƙannen matata suna ta dariya, ɗaya ta ce, "Yaya, ai rago aka ce ka yanka." Wani ne ya yi yankan a ranar.

Da wannan dariyar na kwana har kasuwa ta zagayo. Na je na jefa wa badukun kuben a kan tabarmarsa, a gaban mutane. Na ɗaga murya. Na ce ya kusa kashe ni. Na ce idonsa ya mutu, ya kamata ya koma gida ya bar masu gani su yi aiki.

Ya bari sai da na gaji. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da karan nan nawa. Ashe ya ajiye shi. Ya ɗora shi a jikin kuben, ya ɗaga don kowa ya gani. Daidai suke, ko gashi babu tsakani.

"Abin da ka kawo shi na ɗinka, ɗana."

A nan ya kamata in sunkuyar da kai. Sai na ce, "Ka rage shi ne don ka rufe kuskurenka."

Na ce wa mutum mai furfura maƙaryaci a tsakiyar kasuwa, alhali guntun karan yana cikin aljihun wata rigata a gida. Ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana neman wani abu a fuskata. Ya ce, "Ka kawo wuƙar in yi maka wani." Na ce Allah ya kiyaye, na juya.

Ba zan ce maganata ce kaɗai ta tashe shi daga kasuwar ba. Amma na ji da kunnena wani maharbi yana cewa ai tsohon ya daina gani, ga wanda ya kusa rasa ƙafa. Ina tsaye a wurin, ban gyara ba. Kafin kaka, wani mai sayar da igiya ne a wurin zamansa.

Matata ce ta tsinci guntun, tana wanki. Ta kawo mini shi a tafin hannunta.

"Malam, wannan fa?"

"Kara ne."

"Na ga kara ne."

Ta ajiye shi a kan taga ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta share shi daga tagar ba, duk sharar da take yi.

Laifina na biyu shi ne jinkiri. Na ce bayan girbi zan nemi tsohon. Bayan girbi na ce hanya ba ta da kyau. Damina biyu suka wuce. Sai da na kwanta ciwo, na ga mutuwa ba ta da nisa, sannan na tashi da guntun karan a aljihu da wuƙar a cikin buhu. A ranar ban ji tsoron hanya ba.

A Faskari aka ce mini ƙauyensu ya watse, mutanen daji sun hana su noma. Wani ya ce ya gan shi a Tafoki. A Tafoki wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce ya koma wurin ɗiyarsa a Sabuwa. Na isa Sabuwa da la'asar, bayan mota ta kafe da mu sau biyu.

Ɗiyar ta fito zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa. Na ce Baba nake nema. Ta ce ya rasu tun kafin azumi.

Na zauna a ƙasa. Na gaya mata ko ni wane ne, ban rage komai ba.

"Kai ne mai kara," ta ce.

Ta shiga ciki ta dawo da wani ƙunshi. Jar fata ce, an yanke ta da siffar kube, an huda ramukan ɗinki a gefe guda, ɗaya gefen ba a taɓa ba. An ɗaure karana a jikinta da zare. Ta ce duk inda suka yi gudu da ita yake tafiya. Yakan ce ba zai ɗinke ba sai wuƙar ta zo.

Na fito da guntun na haɗa shi da bakin karan. Ya zauna daram.

"Ya yafe mini?"

Ta ce, "Ban ji ya ce ya yahe ba. Ban kuma ji ya ce bai yahe ba. Ba zan yi mashi ƙarya ba yana kabari."

Na roƙe ta ita ta yafe. Ta ce nata ta yafe, na ganin ubanta zaune ba aiki. Nashi kuwa ba a hannunta yake ba.

Da na dawo na je rumfar mahauta ran kasuwa, na tsaya inda na tsaya a da, na faɗi abin da ya faru da murya irin wadda na yi a wancan karon. Rabinsu ba su ma san tsohon ba. Mahaucin nan da ya kira ni injiniya ya ci gaba da sara nama, bai ɗago ba. Ya ce, "Mu ai mun sani tun ranar."

An ba ni shawara in kai fatar wa wani baduku ya ƙarasa. Ban kai ba. Wuƙar tana kwance a cikinta, gefe guda a buɗe, na ɗaure da zare. Duk sallah in na kwance ta sai na ƙirga ramukan da ya huda, in yi masa addu'a, sannan in fita wurin rago.